Abin da Amfilifaya Ke Ci: Daga Batirin Rediyon Kakanni Zuwa Cajar Laftop

Ga rubutun shirin wannan makon, don waɗanda data ta hana su saurare da waɗanda suka ce karatu ya fi musu sauƙi. Na ɗan gyara wasu wurare, amma yawanci yadda na faɗa haka na bar shi.

Bari in fara da abin kunyar da na jawo wa kaina. Kafin daminar bana ƙungiyar matasan unguwarmu ta shirya gayyar yashe kwatami, muna kuma buƙatar abin da za mu riƙa shela da shi. Hayar lasifika ta yini ɗaya ta fi ƙarfin asusunmu, sai na ce ni zan haɗa mana tamu, mu huta da haya. Aka yi karo-karo aka damƙa mini kuɗi. Na sayo ɗan faifan amfilifaya mai aisi TDA7297, na samo sifiku biyu na tsohuwar rediyon mota, kafinta ya buga mini akwati. Saura abu ɗaya, wutar da za ta ci. A jikin faifan an rubuta 12V. Abin da ke hannuna kuwa cajar laftop ce mai 19V, bakinta kuma ya shiga ramin cif, kamar don shi aka yi ta. Na ce ai ƙarin wuta ƙarin ƙara ne. Daren jajibirin gayya na jona. Ta yi kiɗa kamar minti biyu, sai na ji fas! Farin hayaƙi, wari kamar na ruɓaɓɓen kifi, ɗaki ya yi tsit. Washegari da maƙogwaronmu muka yi shela, lungu-lungu, kuma har yau akwai masu kirana injiniya idan suna son tsokana.

Na kai gawar wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwarmu. Ya sa tabarau, ya juya faifan, ya nuna mini wani ɗan kwandensa da kansa ya tsage. A gefensa an rubuta 16V. Ya ce, "Ɗana, kai da ka yi jami'a, ba ka karanta abin da ke jikinsa ba?" Na ce, "Baba, na ɗauka in baki ya shiga shi ke nan." Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce amfilifaya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, famfo ce kawai: muryarka ita ce hannun da ke murɗa kan famfon, ruwan kuwa daga tanki yake zuwa. Tankin shi ne abin da ke ba ta wuta. In tankin ƙarami ne ruwa ya tsaya, in kuma ya yi tudu da yawa bututu ya fashe.

Wannan maganar ce ta sa na shiga tono, na kuma gano cewa kuskurena ya kai shekara ɗari ana yin sa.

A 1904 wani Bature ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙera bawul, wata kwalba da aka zuƙe iskar cikinta, wadda ke barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai. A 1906 Lee de Forest a Amurka ya ƙara mata wata ƴar raga a tsakiya, sai ya zama ƙaramar wuta a kan ragar tana iya sarrafa babbar wuta da ke ratsa kwalbar. Famfon Baba ke nan. Duk amfilifayar da ke duniya jikar wannan kwalba ce. To amma bawul akwai tsirfar ci. Rediyon gida na farkon shekarun 1920 batir iri uku take buƙata a lokaci guda. Na farko, wanda suke kira A, shi ke zafafa zaren cikin kwalbar, kuma sau da yawa batir ne mai ruwan asid na bolt 6, irin na motocin zamanin. In ya mutu sai a ɗauke shi a kai gareji caji, in ya zube ya cinye shimfiɗar ɗaki. Na biyu, B, shi ne mai ƙarfi: ana jera busassun batura masu bolt 22.5 ko 45 har a kai 90 ko fiye. Na uku, C, ƙarami ne, kamar bolt 4.5, don daidaita ragar. Wayoyi sun yi yawa, mutum kuma ajizi ne. Duk wanda ya kuskura ya jona wayar B a inda A ya kamata, zaren kwalaben gaba ɗaya zai ƙone cikin ƙiftawar ido, a lokacin da kwalba ɗaya kuɗi ce mai ciwo. Da na karanta wannan sai na ɗan ji sanyi a raina, ashe ina da magabata.

Za ku ce, me ya hana su jona wa wutar bango? Ai a biranen Amurka gidaje da yawa suna da lantarki a lokacin. Amsar tana can baya kaɗan. Tashar da Thomas Edison ya buɗe a titin Pearl na birnin New York a 1882 wuta miƙaƙƙiya take bayarwa, wadda masu gyara ke kira DC, irin ta batir. George Westinghouse, wanda ya sayi haƙƙin ƙirƙire-ƙirƙiren Nikola Tesla, ya tsaya kan wuta mai kai-da-komo, wato AC. Abin da ya raba gardama shi ne taransifoma: da ita ake ɗaga wuta a tura ta nesa ba tare da asara mai yawa ba, a kuma sauke ta a bakin gida, kuma taransifoma ba ta aiki sai da AC. Shi ya sa wutar bango ta zama mai kai-da-komo, sau 60 a daƙiƙa a Amurka, sau 50 a Turai da nan wurinmu. Ita kuwa amfilifaya miƙaƙƙiyar wuta take so, lafiyayya, marar rawa. In rawar ta shiga, za ka ji ta a sifika. Wannan "huuum" ɗin da kuke ji a lasifikar gidan biki kafin mai sanarwa ya fara magana, sau da yawa sautin wutar bango ne da ya ɓuya ya shigo, sau 50 ko 100 a daƙiƙa.

A tsakiyar shekarun 1920 aka yi rububin magance wannan. Wani ƙaramin kamfani a Massachusetts ya fito da kwalbar da ke miƙar da AC ta koma DC, ya sa mata suna Raytheon, ta samu karɓuwa har kamfanin ya ɗauki sunan a 1925. E, Raytheon ɗin da yau aka sani da ƙera makamai masu linzami, da abincin rediyo ya fara suna. Philco, wanda asalinsa kamfanin batir ne a Philadelphia, ya ga inda iska ta dosa, shi ma ya fara sayar da akwatin da ke maye gurbin batir. A Toronto ta Kanada, Edward Rogers ya nuna rediyon da ba ta buƙatar batir kwata-kwata a 1925. A 1928 ƴan uwa biyu, Paul da Joseph Galvin, suka buɗe kamfani a Chicago suna yin irin wannan akwati na maye gurbin batir, amma sun makara, domin tun 1927 RCA ta fara sayar da rediyon da ake jonawa kai tsaye a bango. Kasuwa ta mutu a hannunsu, sai suka koma yin rediyon mota a 1930, suka sa mata suna Motorola.

Abin da ya burge ni shi ne, in ka buɗe waɗancan akwatunan, abu uku za ka gani: taransifoma mai canza yawan bolt, abin miƙar da wuta, sai kwandensa mai tara ta tana cike gurbi don ta daina rawa. In ka buɗe tsohuwar amfilifayar masallacin unguwarku yau, ukun nan za ka tarar, sai dai dayod huɗu sun maye gurbin kwalba.

Taransifoma tana da nauyi, tana da tsada, ƙarfe ne da tagulla. Saboda haka daga shekarun 1930 kamfanonin Amurka suka fara yin rediyo mai arha marar taransifoma, mai kwalba biyar, wadda ta shahara da sunan All American Five. An sayar da miliyoyi. Matsalar ita ce, a irin na farko-farko ɗaya daga wayoyin bango kai tsaye take haɗe da ƙarfen cikin rediyon. In ka juya filogi ta wancan gefen, ƙarfen ya ɗauki wuta, kuma abin da ya raba ka da ita katako ne ko robar jiki da ƴan maɓallan murɗawa. A nan ne na fahimci cewa taransifoma tana da aiki na biyu da ba a cika faɗa ba: katanga ce tsakaninka da wutar bango. Kuma kayan sauti sun sha kashe mutane in aka yi sakaci da wannan ɓangaren. A watan Mayu na 1972, makaɗin jita Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya taɓa makirfo a kan dandamali a Swansea, makirfon da ba a haɗa shi da wayar ƙasa yadda ya kamata ba, wuta ta kashe shi a gaban ƴan kallo. Yana da shekara 27. Ina faɗar wannan ne saboda makirfo a bakin mutum yake, sau da yawa kuma muna tsaye a ƙasa mai laima babu takalmi. Cajar nan marar nauyi, marar suna, da kake jin ƴar girgiza in ka taɓa ƙarfenta, kada ka sa ta a abin da jama'a za su riƙe.

Mu a nan, matsalar ta zo mana ta wata fuska, don yawancin gidaje babu wutar bangon ma. Turawan mulkin mallaka sun zagaye matsalar da rediyon waya: amfilifaya babba tana tasha, ana jan waya zuwa gidaje, abin da ke ɗakinka akwatin sifika ne kawai, ba batir ba filogi. An fara a Legas a shekarun 1930, ya iso Kano a 1944. A Rodeshiya ta Arewa, Zambiya ta yau, wata dabara aka yi: a 1949 kamfanin batir na Ever Ready ya fito da rediyon bawul mai arha, jikinta kamar tukunyar alminiyam, shi ya sa aka kira ta Saucepan Special. Fam 5 ake sayar da ita, batirinta kuma daban. Ku lura da wanda ya ƙera ta. Mai sayar da batir ya san rediyo sau ɗaya ake saye, batir kuwa kullum.

Abin da ya sauya komai shi ne tiransista. A Disamba 1947 John Bardeen da Walter Brattain, a rukunin William Shockley na Bell Labs, suka nuna ɗan abin da ke yin aikin bawul ba tare da zare mai zafi ba, ba kuma tare da bolt ɗari ba. Rediyon tiransista ta farko da ta shiga kasuwa, Regency TR-1 ta 1954, batir ɗaya take ci mai bolt 22.5. Zuwa 1957 Sony TR-63 ta sauko bolt 9. Daga nan ne rediyo ta shiga ƙauye, ta hau kafaɗar makiyayi, ta zauna a teburin mai shayi. Kakanninmu da ke shanya batir a rana don ya ƙara kwana ɗaya, tiransista ce ta ba su wannan damar.

Sai dai tiransista ba ta da haƙuri. Bawul in ka ɗan wuce mata iyaka za ta yi ja, ta wahala, ta ba ka lokaci ka kashe. Tiransista da aisi kuwa ba sa sallama, tafiya kawai suke. TDA7297 ɗin da na ƙona, iyakar aikinsa bolt 18 ne, kwandensan da ke gabansa kuma 16. Na ba su 19. Wasu kuma ba yawan bolt ne kaɗai matsalarsu ba, tsarin wutar ne. Yawancin faifan da ke ɗauke da TDA2030 ko LM3886 wuta mai ɓari biyu suke so: waya ta tabbatacce, waya ta korau, da ta tsakiya. Irin wannan taransifoma mai waya uku a bakin fita ake nema masa. Cajar laftop waya biyu gare ta, ko bolt ɗinta ya yi daidai ba za ta yi ba. In ka ga ramuka uku a wurin shigar wuta, tsaya ka tambaya.

Akwai kuma tarkon da Baba ya ce ya fi kama masu koyo. Taransifoma da aka rubuta 12V, wannan lissafin AC ne. Bayan ta bi ta dayod ta taru a kwandensa, ana ninka ta da kusan 1.4, a cire ɗan abin da dayod suka ci, sai ka ga mita tana nuna kusan 16. Mai 18V za ta haura 24. Kuma taransifomar ƙarfe bin wutar bango take: in wuta ta yi ƙasa, sauti ya shaƙe, in janareta ya yi tsalle, ita ma ta yi tsalle da shi. Kayan gwanjon Amurka kuwa na bolt 120 ne, mu kuma 230 muke, wannan ko ba a faɗa ba kun san ƙarshen labarin.

Yanzu maganar wat, inda ƙarya ta fi yawa. A 1964 kamfanin Sinclair a Ingila ya fitar da X-10, ƴar amfilifayar haɗa-da-kanka da aka tallata a matsayin mai wat 10. Abin da take bayarwa a zahiri bai wuce kusan 2.5 ba. Kumbura lamba ya yi yawa a kasuwar Amurka har hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta kafa doka a 1974 cewa dole a faɗi ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a ɗore, ba na tsallen daƙiƙa guda ba. Mu dokar ba ta iso kwalayen kasuwarmu ba, shi ya sa za ka ga rediyon da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya an rubuta mata 5000W PMPO. Ga lissafin da zai kare ka, ga irin ƙananan faifan nan da muke saye: ninka bolt da kansa, ka raba da ninki biyu na om ɗin sifika. Bolt 12 a sifika mai om 4, wato 144 a raba da 8, wat 18 ke nan, iyakarsa. Bolt 19 zai ba ka kusan 45. Bolt 24 ya ba ka 72. In sifikar mai om 8 ce, raba biyu. Manyan amfilifayoyin mota da ke wuce wannan da batir 12, a cikinsu akwai wani sashe da ke ɗaga bolt ɗin tukuna. In faifan hannunka ba shi da wannan sashen amma an rubuta masa wat 500, to mai rubutun ne kawai ya ji daɗin alƙalaminsa.

Cajar laftop ɗin da ta ci amanata, ko in ce na ci amanarta, daga wani gida ta fito. Maimakon ta bi wutar bango a sau 50, sai ta miƙar da ita tukuna, sannan ta riƙa yanka ta sau dubun-dubata a daƙiƙa. Da irin wannan saurin, ƴar taransifoma kamar ƙwallon goro ta isa. Dabarar ta girme shi, amma kwamfutar Apple II ta 1977, wadda Rod Holt ya zana wa sashen wuta, tana cikin waɗanda suka shigar da ita ɗakunan mutane. Alfanunta gare mu babba ne: duba bayan cajarka, za ka ga 100–240V. Ma'ana ko wuta ta yi ƙasa har fanka tana jan ƙafa, 19 ɗin nan za ta ba ka. Illarta kuma, in ka ja fiye da ƙarfinta ba ta lallaɓawa, ɗaukewa take, ta dawo, ta sake ɗaukewa. In ka ji amfilifaya tana yankewa duk lokacin da ganga ta buga, yawanci amfiya ce ta yi kaɗan.

A nan mutane ke ruɗewa, ni ma a nan na ruɗe. Bolt tura shi ake, dole ya zauna cikin iyakar da faifan ya yarda. Amfiya kuwa ja ake, na'ura abin da take buƙata kawai take ɗiba. Caja mai amfiya 10 ba za ta ƙona faifan da ke cin 2 ba, muddin bolt ya yi daidai. Ni na juya abin: na ji tsoron amfiya, na raina bolt. Ninka su biyun ka samu wat: 19 sau 3.42 wat 65 ne, 19 sau 4.74 wat 90. Sai kuma fuskar baki. Yawancin cajoji tsakiyar bakin ne tabbatacce, amma akwai masu akasin haka, misali na ƴan akwatunan da makaɗan jita ke takawa. Ƴar mita ta awo ba ta kai kuɗin faifai ɗaya ba. Masu sola kuma, farantin da ake kira na bolt 12 yana haura 20 in babu kaya a kansa da tsakar rana, don haka ta batir ake bi, ba kai tsaye ba. Shi kansa batirin 12.6 yake in ya cika, yana kai wa 14.4 a kan caji, kuma a sa masa fiyus kusa da kansa, don batir in wayoyinsa suka haɗu ba ya ɗaukewa kamar caja, narkar da waya yake.

Da kuɗin aljihuna na biya bashin jama'a. Wannan karon na sayi faifai mai TPA3116D2, wanda ke aiki daga bolt 4.5 zuwa 26. Jikan X-10 ne ta wajen dabara, kunnawa da kashewa yake da sauri maimakon ya riƙa ƙona ragowar wuta ta zama zafi, shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ya ci yana isa sifika. Kafin in biya na sa mai shago ya ba ni na duba kwandensocin, 25V aka rubuta. Bolt 19 ya shiga da sarari, 24 kuwa da ya matse su. Sifikuna masu om 4 ne, biyu, kowace tana iya jan 45, don haka na nemo caja mai wat 90 na bar tawa mai 65 wa laftop ɗinta. Baba ya ɗora mita a baki, 19.3, tsakiya tabbatacce, sannan ya ce in jona. Don fita fili kuma muna da ɗan batir mai bolt 12, amfiya-awa 7, da fiyus a wayarsa. Wat 18 a kowace sifika, ya ishi layinmu daga bakin masallaci har injin niƙa.

Saura matsala ɗaya. In na jona wayata da kebul ina kuma cajinta a soket ɗaya da amfilifayar, sai wani siririn ƙugi ya shigo, in na zare cajar wayar ya ɓace. Baba ya ce wayar ƙasa ce ta samu hanya biyu tana zagaye, in kawo masa ranar Asabar bayan la'asar. In mun gano bakin zaren zan faɗa muku a shiri na gaba. Wanda kuma ya taɓa ƙona nasa, ya rubuto mana lambar aisin da abin da ya jona masa. Sai mun haɗu.